Takalman Fusae a Bakin Gada

Kuzuhara, farkon damina

Zuwa ga 'yata Tomoyo,

Gaisuwa daga bakin kogi zuwa ƙasarku ta sanyi. Ina fata Sapporo ba ta shanye ki ba, kuma tsofaffin da kike kula da su a gidan nan suna barin ki ki rintsa. Mu nan an gama dashen shinkafa, kwaɗi sun karɓi gari. Gwiwata ta dama tana nan da halinta, kunnuwa kuwa sun ajiye aiki, shi ya sa ba na ɗaukar waya. Ki yi haƙuri da takarda.

Akwai wata magana da na taɓa ji tun kina goye, na yi dariya na watsar. A shekarar da aka haife ki, mahaifinki Masatsugu, ɗan baffana, ya faɗo daga rufin ɗaki ya karya kafaɗa. Duk da haka jirginsa bai fasa dawowa da kifi kowace safiya ba. Sai aka fara raɗe-raɗi wai ba shi ne a ciki ba, wai mahaifiyarki Fusae ce take saka malafarsa da rigarsa ta fita cikin hazon asuba. Na ce ƙarya ce. Kin san mace ba ta taka jirgin kamun kifi a wajenmu, da an tabbatar, da ƙungiyar masunta ta ƙwace masa wurin kamunsa. Ban da haka, matar da in za ta haye gadarmu marar shinge sai ta bi tsakiya tana kallon ƙafarta kamar mai tafiya a kan zare? Tun da aka kawo ta garin nan ban taɓa ganin ruwan kogi ya taɓa idon sawunta ba.

Abin da ya tuna mini da maganar shi ne yanzu ana yawan ganinta a bakin kogin. Tun da aka yi juyayin cikar mahaifinki shekara da rasuwa, sai ta je ta tsaya saman wurin nan mai zurfi na ƙarƙashin gada, ta zuba wa ruwa ido. Na ƙyale ta. Wadda ta rasa miji tana da nata zancen da ba da mu take yi ba.

Shekaranjiya kuwa ta shigo mini da awara, ta zauna, ta tuɓe safa ta miƙo mini ƙafa. Ta ce, "Yaya, auna." Na ce in auna me? Ta ce, "Waraji nake so ka saƙa mini."

Tomoyo, kofin shayi ne a hannuna, ban san lokacin da ya bar hannun ba. Kin san ni kaɗai na rage mai saƙa takalmin karan shinkafa a kwarin nan, kin kuma san waɗanda nake saƙa wa. Rabon da mai rai ya nema a wurina tun kafin a sa wa hanyar gari kwalta. Na ƙarshe da na saƙa, a ƙafar mahaifinki aka sa shi cikin akwati.

Na ce, "Fusae, ina za ki?" Ta ce, "Ina ruwanka? Ka fiye tambaya kamar ɗan sanda. Ka dai yi mini kafin ruwa ya ƙaru." Ta cinye rabin awarar da ta kawo mini ta tafi.

Ban fara saƙar ba. Ki gaya mini abin da zan yi.

Baffanki,
Kiyohide


Sapporo

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, ko in ce ƙalau nake har ranar da takardarka ta iso. A tsaye na karanta ta a ɗakin canza kaya, sai da abokiyar aikina ta zaunar da ni.

Nan take na buga wa Inna waya. Muryarta garau, har da dariya, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Na tambaye ta me take ciki, ta ce ta wanke gida tun daga rufi har ƙasa, ta rabar da kayan Baba, ta je ta share kabarinsa. Wai kyanwa ma yanzu ta saba da gidan mai unguwa Doi. Na ce, "Inna, maganar takalmi fa?" Ta ce, "Au, tsohon nan kurma ne amma bakinsa har Sapporo yake kaiwa?" Ta kashe waya.

Baffa, aikina ke nan. Na san yadda mutum yake yi in ya gama shawara da kansa: sai ya share, ya raba, ya dinga fara'a. Kada ka saƙa. Ko ta yi kuka, ko ta zage ka, kada ka saƙa. Ka ce karan ya ƙare, ka ce hannunka ya sage, duk ƙaryar da ta zo bakinka ka yi, ni zan ɗauki laifin.

Na yi magana da shugabar gidanmu. Akwai ɗaki a sama da zai samu wata mai zuwa, tagarsa tana kallon lambu, ko kwata babu a kusa da shi. Hutuna sai bikin Obon na tunawa da magabata, ranar zan zo in tattara ta mu taho. Gidan a rufe, in an sami mai saye a sayar. Kada ka gaya mata tukuna. Ka sa mata ido, ka roƙi matar Doi ta dinga leƙa ta.

Ita maganar jirgi kuwa, haba Baffa. Innar da ko bahon wanka ba ta yarda ta cika shi?

'Yarka,
Tomoyo


Kuzuhara, tsakar rana

Tomoyo,

Ban san da wace gaisuwa zan buɗe ba. Na san Doi ya buga miki waya da safe, kin ji abin da kika ji. Ni an hana ni sauka bakin ruwa, an ce tsohuwa ɗaya ta ishe su nema kada in ƙara musu aiki. Shi ne na zauna a baranda ina rubuta miki, don hannuna ya sami abin yi.

Takardarki ta makara. Ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar dutse, sai jiya ta iso, alhali na riga na saƙa. Dawowa ta yi ta ce in ban yi ba za ta tafi ba takalmi. Wannan na kasa jurewa. Na saƙa yadda hannuna ya saba: sako-sako, ba ƙulli, ba tsumma a dunduniya, irin wanda iyakar tafiyarsa daga ɗaki ce zuwa wutar ƙona gawa. Ina saƙa ina lallashin kaina, ai ajiyewa za ta yi, tsofaffi da yawa suna tanadin kayansu.

Yau da asuba mai awara ya ga takalmanta na zuwa gari, baƙaƙen nan, a gefen gada. An jera su tsaf, dunduniya a haɗe, kamar a ƙofar ɗaki. Babu wanda yake buƙatar a fassara masa wannan: haka mai niyyar jefa kansa a ruwa yake barin nasa. Ya watsar da kayansa ya shigo gari da gudu. Kafin hantsi 'yan kwana-kwana sun iso da ƙugiyoyi, an kaɗa ƙararrawar haikali. Ɗazu kuma aka tsamo waraji ƙafa ɗaya a shingen kifin da ke ƙasan gada, duk ya warware. Aka kawo mini in duba. Saƙata ce. 'Yata, da hannuna na

Dakata. Ina ganin mutane suna gudu a kan gada.

La'asar.

Tana da rai. Ki sake karantawa: tana da rai. Doi yana can yana neman ki a waya, amma bari in ba ki yadda idona ya gani, don shi in ya ruɗe in'ina yake yi.

Wata ƙaramar motar ɗaukar kaya ce ta gangaro, da kwalekwalen roba rawaya ɗaure a samanta, irin na baƙin nan da ke zuwa daga birni. Motar makarantar kwalekwale ce ta can gangaren kogi. A gaba kuwa wa ke zaune? Fusae, da hular kwano, da rigar hana nutsewa, tana cin gasasshen kifi a tsinke. Malamin haikali yana tsakiyar karatu ya tsaya baki buɗe. Matar Doi ta zube zaune ta ce, "Ku duba mata ƙafafu!" don kin san fatalwa ba ta da su. Ƙafafu kuwa suna nan, ɗaya naɗe da bandeji.

Ta sauko tana ɗingishi, ta ƙare wa taron kallo, ta ce, "Wa ya mutu?" Ta hango takalmanta cikin leda a hannun ɗan sanda, ta ce, "Kai, wa ya ba ka?" Sannan ta ratsa mutane ta zo har barandata, ta jefo mini ragowar ƙafa ɗayar warajin.

Ta ce, "Wannan ne takalmi? Ina sauka in ja kwalekwale a kan duwatsu ya watse kamar taliya! Na zame na yanke ƙafa. Wanda tsohonka yake saƙa wa masunta kama gansakuka yake kamar faratan kyanwa."

Na ce, "Fusae, na gawa na yi miki."

Ta ce, "To, sannu da ƙoƙari. Ka ajiye wa kanka."

Ashe tun bazara, duk ranar da ta ce ta tafi asibitin gwiwa, makarantar nan take zuwa. Kallon ruwan nan kuma hanyarsa take karantawa. Na tambaye ta don me ta jera takalma a gada. Ta ce, "Ka taɓa ganin na shiga wuri da takalmin waje? Ko so kake in watsar da su kamar marar tarbiyya?"

A gurguje na rubuta. Ki gafarta wa rubutun.

Kiyohide


Sapporo

Baffa,

Ina fata ka huce daga firgicin. Ni ban huce ba. Tsakanin wayar Doi ta farko da ta biyu na riga na sayi tikitin jirgi, na ciro baƙaƙen kayana, na zaɓi hoton da za a ɗora a gaban akwati.

Na ga kamar da ɗan nishaɗi kake ba da labarin. Ni ban ga abin dariya ba. Mace mai shekara saba'in da biyu, ita kaɗai, cikin abin da bai kai akwatin gawa faɗi ba, a kogin da yake cin mutane tun kafin a haife ni! Da can tsorona tana son mutuwa. Yanzu na gane ba ta so, amma hanyarta ta ɗauka. Wannan karon yatsan ƙafa ta yanke. Rabin mutanen da nake juyawa a gado zamewa ɗaya ce ta kawo su, kuma a banɗaki, ba a kan dutsen kogi ba. Ƙugu in ya karye a shekarunta, ba a tashi.

Maganar ɗaki tana nan, na ma sa hannu. Na gaya mata da bakina. Sai ta tambaye ni ko akwai kogi a kusa. Na ce babu. Ta ce to, ta ajiye waya, ba ta ƙara ɗauka ba.

Ka ɓoye filafilin. Ka gaya wa masu makarantar nan 'yarta ba ta yarda ba. Kuma don darajar Baba kada ka ƙara saƙa mata komai, ko na mai rai ko na matacce.

Tomoyo


Kuzuhara, ƙarshen damina

'Yata,

Ruwan sama ya ɗauke. An ce gyare sun fara kuka, ni dai ban ji ba. Gwiwa da sauƙi. Ƙafar mahaifiyarki ta warke, kuma nan ne matsalar.

Filafili ban ɓoye ba, don a gefen shimfiɗarta yake kwana. Masu makaranta na je na same su. Shugabarsu ta ce hannun Fusae ba na sabon shiga ba ne, kuma ba su da ikon hana babba. Saƙa kuwa na rantse na daina, na kuma cika.

To ga abin da rantsuwata ta haifar. Shekaranjiya na hango ta tana gangarawa bakin ruwa da dogon takalmin roba na mahaifinki, mai kaiwa gwiwa, ta cusa tsumma a ciki don ya zauna. Wannan takalmin in kwalekwale ya kife cika yake da ruwa, ƙafa ta zama dutse. Da irinsa aka tsamo ƙanin Doi. Ni da na manta yadda ake gudu, na yi shi. Na ce ta cire, ta ce sai dai in kawo wani. Shi ne na sa ta a bas muka tafi kantin kayan kamun kifi a gari.

Mai kanti ya zube mana kaya. Ya ɗauko silifa mai maɗauri, ta ce, "Yatsu a waje? Dutse ya ɗanɗana ɗaya, ka ba shi sauran?" Ya ɗauko mai igiya, ta ce igiya maƙalewa take a matakin ƙafa cikin kwalekwale, in ka kife nan za ka zauna. Ya ɗauko na masu kamun ƙaramin kifin nan da ake kira ayu, mai tafi kamar matsattsen bargo, wanda ni na yaba don ba ya santsi a gansakuka. Ta ce ya yi kauri, ba ya shiga hancin kwalekwale, a laka kuma sulɓi yake. Ta juyo ta ce, "Kai da ka yi mini na gawa, har da kai a shawara?" Mai kanti ya shige bayan kanta yana tari.

Abin da take so shi ne mai laushi kamar safa, ya rufe yatsu, ya kama idon sawu yadda ruwa ba zai tuɓe shi ba, da siririn tafin roba mai kama dutse, ruwa ya shiga ya fita. Akwai shi. Amma ƙafarta ƙarama ce kamar ta 'yar makaranta, ga babban yatsa ya karkace, duk na kantin sun yi mata yawa. Mai kanti ya ce sai manyan birane.

A bas muna dawowa ta yi magana, fuskarta a taga, sai da na matso da kunne. Ta ce, "Zan bi ta, Yaya. 'Yata ce, ba zan sa ta kuka sau biyu ba. Amma daga nan zuwa Obon kullum ina kan ruwa, ko da dogon takalmin ko ba komai. Shekara arba'in na ba kogin nan baya don mutuncin wani. Sauran kwanakin nawa ne."

Ba shawara nake ba ki ba. Abin da na sani kawai, takalmi dai ke za ki saya mata, ko na ɗaki mai taushi irin na gidanku, ko wancan. Ga zanen ƙafarta a bayan takardar nan, wanda na auna ranar farko. Zai yi miki amfani ko wanne kika zaɓa.

Baffanki,
Kiyohide


Sapporo

Baffa,

Ina gaisuwa. Ga ƙunshi.

Ranar da takardarka ta zo wata tsohuwa ta rasu a ɓangarenmu, aka sa ni haɗa kayanta. Ta yi shekaru tare da mu. Na juya takalmanta zan sa a jaka, sai na ga tafinsu fes, ko tambarin kanti bai goge ba. Na fita na duba na sauran a ƙofofi. Duk haka suke. Ban taɓa lura ba. Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar wayar Doi.

Na zaga kantuna da zanenka, ina ɗora takalmi a kai, masu kanti suna kallona. A sashen yara na samu. Ja ne, babu wani launi. In ta yi ƙorafi ka ce a ruwa ja ake hangowa.

Na mayar da ɗakin. Ba har abada ba, ka gaya mata haka. Sharaɗina: ba ta fita ita kaɗai, ba ta fita ba rigar hana nutsewa, ba ta fita in ruwa ya ƙaru. Kuma kada in ƙara jin an jera takalmi a gadar nan. Ta ba ka ka riƙe.

Ina zuwa Obon duk da haka. Ka ce ta ɗauki waya.

'Yarka,
Tomoyo


Kuzuhara, gab da Obon

'Yata Tomoyo, daga baffanki,

Ƙunshi ya iso lafiya, ya tarar da mu lafiya. Da yamma ya zo, ta ƙi ko gwadawa. Ta ce ba a fara sa sabon takalmi da yamma, kuma ba a sa shi a cikin ɗaki a fito da shi, gawa kaɗai ake yi wa haka, kuma gawar da aka mai da ita sau ɗaya ta isa. Sai da gari ya waye ta zauna a dokin ƙofa, ta shafa wa tafinsa baƙin tukunya, ta zura. Ya zauna kamar da shi aka haife ta. Ta ce ja ya yi mata yarinta. Daga nan ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, wai gaisuwa ta je.

Sharuɗɗa ta karɓa, da gunaguni. Wayarki kuma na ga ta ɗauka, don na hango bakinta yana motsi har shayinta ya huce.

In kin zo za ki tarar da sabon abin kallo a Kuzuhara: tsoho zaune a bakin gada kowace safiya, rungume da baƙaƙen takalman mata. Mai awara in ya zo wucewa sai ya rusuna ya ɗaga murya, "Sannu da gadi, maigida! Amarya ba ta dawo ba?" Ni kuwa in yi masa murmushi in nuna kunne. Kurumta ma tana da ranarta.

Jiya na ga ta sauka a duwatsun da ta faɗi, ta ja kwalekwale ta wuce, jajayen ƙafafu suna kama dutse, ko tangaɗi babu. Da ta koma ciki sai na lura da yadda take sa filafili. Ba kamar 'yan makarantar da ke biye da ita ba. Can baya take karkata shi, ta bar ruwa ya yi mata aikin. Sai da na miƙe tsaye, takalman suka kusa faɗawa kogi. Mutum ɗaya na sani da wannan hannun, ko in ce na ɗauka na san shi. Cikin hazo, da malafa, a shekarar da aka haife ki, na sha ɗaga masa hannu daga wannan gadar ina cewa, "Masatsugu, kafaɗa ta yi sauƙi ke nan!" Ba ya amsawa. Na ɗauka girman kai ne.

Maganar nan na fara jin ta a bakin uwar mai awara, na ce tsegumi ne. Na sake ji a gidan wanka, na ce giya ce. Na ƙarshe kuwa bara ne, a asibiti. Mutumin ya jawo kunnena mai ɗan saura, ya ce kifin da na ci a gidansa waccan shekarar ban taɓa gode wa mai shi ba. Na gyara masa bargo na ce a raina zafin ciwo ne. Mahaifinki ne, Masatsugu.